Darasin Kwamfuta: RAM Mai Gudu Ko RAM Mai Yawa?

Ni aka ba shafin kwamfuta a wannan fitowar, kuma zan yi bayani ne a kan RAM. Kafin 'yan ajinmu su fara dariya, ba ragon da muka koya a darasin Turanci nake nufi ba. Wannan a cikin kwamfuta da waya yake zaune. Ba ya cin dusa, amma yana cin kuɗi. A gidanmu ma saura ƙiris ya cinye tunkiya guda.

Ga yadda aka yi. Yayana yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure. Yana da laftof irin ta 'yan gem, ta hannu ya saya. Da rana yana aikin makaranta da ita. Bayan la'asar kuma sai ya fito da ita zaure, ya jona mata fad biyu, samarin unguwa su biya su buga ƙwallo. Da ɗan abin da yake samu yake sayen data da takardun karatu, ranar da kasuwa ta yi kyau har ni ma in samu kuɗin tara. Kun ga ke nan maganar ta shafe ni.

Sai gem ya fara maƙalewa. Ɗan wasa zai ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya yanke mutum biyu, saura ya buga, sai hoto ya tsaya cak. Kafin ya dawo an riga an ƙwace. Wata rana har aka kusa dambe, domin wanda aka ci ya rantse shi ba zai biya ba, kwamfuta ce ta ci shi. Baba ya leƙo ya ce in ya sake jin hayaniya a zaurensa, an gama gem ke nan. Wasu samarin kuma suka daina zuwa.

Wani abokin Yaya ya duba ya ce, "Ai RAM ɗinka ne ba ya gudu. Ka cire shi, ka sa na 'yan gem guda biyu, masu 3200. Wallahi sai ka ɗauka sabuwa ka saya." Ya nuna mana hotonsu a waya, baƙaƙe masu kyan takarda. Da aka tambayi kuɗinsu a Kano, Yaya ya ga ba shi da su sai in ya sayar da tunkiyar da Kaka ta ba shi, ga shi kuwa tana da ciki.

Ni kuma a wannan zangon muka yi darasin ma'aunin ajiya, wato bit da bayit da kilobayit har zuwa gigabayit. Sai na kai wa malaminmu na kwamfuta tambayar. Bai ba ni amsa ba. Ya ce in je in kwafo masa abu huɗu daga jikin laftof ɗin: sunan furosesa, yawan RAM, gudunsa, da gurbi nawa aka cika. Abin da na koya daga nan shi ne darasinmu.

Mene ne RAM?

Da farko a daina haɗa shi da memori. Memorin da muke sakawa a waya mu tura karatu da finafinai wurin ajiya ne, ko an kashe waya abin yana nan. RAM ba haka yake ba. Wuri ne da kwamfuta ke baza abin da take aiki da shi yanzu-yanzu, ana kashe ta komai ya goge.

Ku ɗauki mai shayi na bakin tasha. Shi kansa mai shayin shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin. Teburinsa shi ne RAM: a kai yake jera burodi da ƙwai da madara da sukari, duk abin da zai miƙa hannu ya ɗauka nan take. Ɗakin da yake ajiye katon-katon na kaya a gida shi ne rumbun ajiya, wato hadi dis ko SSD. In dare ya yi ya kwashe teburi tas, amma kayan ɗaki suna nan har gobe.

Idan teburin ƙarami ne, ba zai ɗauki komai ba. Mutum ya ce a soya masa ƙwai, sai a tura yaro gida ya ɗauko. Mai shayi ya tsaya, mai saye ya tsaya. Wannan tsayuwar ita ce maƙalewar da muke gani a gem. Da zarar RAM ya cika, Windows takan kwashe wasu abubuwa ta kai rumbun ajiya, in an buƙace su ta sake ɗauko su. Masu wayar da aka rubuta wa 4GB+4GB a kwali, irin wannan dabarar ce. Huɗun farko su ne RAM na gaske, huɗun baya aro ne daga wurin ajiya.

Wani abu da ya ba ni mamaki: RAM yoyo yake yi. Kowane bit ɗaya ana riƙe shi ne a wani ɗan mitsitsin wuri mai tara lantarki, kuma lantarkin yana zurarewa kamar ruwa a fasasshen tulu. Saboda haka dole a riƙa sake cika shi sau da yawa a cikin kowane sakan. Shi ya sa da wuta ta yanke komai ke tafiya. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka mai suna Robert Dennard ne ya ƙirƙiro wannan tsari, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1968. A 1970 kamfanin Intel ya fitar da wani guntu mai lamba 1103 wanda ke riƙe bit 1,024 kacal. Na yi lissafi a bayan littafina: kafin a haɗa gigabayit 8 na laftof ɗin Yaya da irin wancan guntun, sai an tara guda 67,108,864. Ban jin filin ƙwallon makarantarmu zai so wannan baƙunci.

Abin da na kwafo

Ba sai an kwance laftof ba. A Windows ana danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai Task Manager ya buɗe. A shiga Performance, a taɓa Memory. Ga abin da na gani:

Furosesa: Intel Core i5-9300H.
Katin hoto: GeForce GTX 1650, mai gigabayit 4 na kansa.
RAM: gigabayit 8, nau'in DDR4.
Gudu: 2667.
Gurbi: 1 cikin 2.

Wannan 2667 ɗin shi ne ake rubutawa 2666 a kwali. Ainihin lambar 2666 da ɗigo shida-shida ce, wani ya cike ta sama, wani ya bar ta ƙasa. Sai da na ɓata rabin awa ina zaton an yi mana canji.

Malam ya ƙara ba ni aiki ɗaya. Ya ce in bar shafin a buɗe, a kunna gem, a buga minti goma, sannan in leƙa. Da na leƙa, 7.4 cikin 7.8 sun cika. Teburi ya cika maƙil, ko kofi ba wurin ajiyewa. Gem ɗin da ake bugawa a zaurenmu FIFA 23 ne, wanda kamfanin EA ya fitar a 2022. Su da kansu sun rubuta cewa mafi ƙarancin RAM da yake buƙata gigabayit 8 ne, amma wanda suka ba da shawara 12 ne. Ita ma Windows tana cin nata kason kafin gem ya samu. Ga shi Yaya ba ya rufe shafukan intanet ɗin da ya yi karatu da su da rana.

Tun daga nan na fara zargin ba gudu ne ciwonmu ba. Amma Yaya ba zai yarda da zargi ba, sai da lissafi.

Me lambar 3200 take nufi?

Lambar tana faɗin sau nawa RAM ke miƙa saƙo a sakan ɗaya, a lissafin miliyan. Mai 2666 yana miƙawa sau miliyan 2,666, mai 3200 kuma sau miliyan 3,200. Ana yawan rubuta MHz a gaban lambar, amma agogon da ke cikin mai 3200 sau miliyan 1,600 yake bugawa. A kowane bugu ana miƙa saƙo sau biyu, kuma ma'anar DDR ke nan, miƙawa biyu a bugu ɗaya.

Kowace miƙawa tana ɗauke da bayit 8. To sai mu ninka:

2666 sau 8 ya ba da megabayit 21,328 a sakan, wato kusan gigabayit 21.3.
3200 sau 8 ya ba da megabayit 25,600 a sakan, wato gigabayit 25.6.

Bambancin kashi 20 cikin 100 ne. Ba ƙarya abokin Yaya ya yi ba, mai 3200 ya fi gudu. Amma ku kwatanta da wannan. SSD na gama-gari, irin mai haɗin SATA, ba ya wuce wajen megabayit 550 a sakan. Tsohon hadi dis mai faifai kuwa wajen 100 yake yi. Ke nan duk lokacin da RAM ya cika aka koma rumbu, an faɗa wurin da ya fi shi nawa kusan ninki 40, in ma SSD ne. Mutumin da ake tura wa yaro gida ɗauko ƙwai, me zai amfana in an ce yaron ya ƙara saurin miƙo cokali daga kan teburi? Teburin ne ya yi kaɗan.

Sai magana ta biyu, wadda ita ce ta fi ba ni daɗi. Kun tuna na ga gurbi 1 cikin 2? Furosesar laftof irin wannan tana da hanya biyu da take magana da RAM. In guda ɗaya aka saka, hanya ɗaya ce ke aiki, ɗayar tana zaune banza. In aka cika gurbi biyu, duka hanyoyin su buɗe. Kamar ƙofar makaranta ce lokacin tashi. Ko an ce kowa ya ƙara sauri, in ƙyaure ɗaya aka buɗe sai an yi cunkoso. A buɗe na biyu a gani. A lissafi, guda biyu masu 2666 suna iya kai gigabayit 42.6 a sakan, alhali guda ɗaya mai 3200 yana nan a 25.6. Wato na talaka guda biyu sun fi na mai kuɗi guda ɗaya, nesa ba kusa ba.

Yaya ya ce, "To ai shi ya sa aka ce in sayi masu 3200 guda biyu. Ka ga na haɗa yawa da gudu da hanya biyu."

A nan ne Malam ya sa ni na nemo sunan furosesar a shafin Intel na intanet. A ƙarƙashin bayanin RAM an rubuta DDR4-2666. Wannan ita ce iyakarta. Kowace furosesa da irin gudun da aka gina ta a kai. Core i5-8250U da ke cikin laftof da yawa na ofis tana tsayawa a 2400. Core i5-10300H, ƙanwar ta Yaya, tana kaiwa 2933. Ryzen 5 4600H ta kamfanin AMD tana kaiwa 3200. In ka saka mai 3200 a injin da iyakarsa 2666, zai yi aiki lafiya lau, amma zai sauko ya yi tafiyar 2666. Ka biya kuɗin doki, ka samu tafiyar jaki.

Haka kuma in ka haɗa mai gudu da marar gudu a laftof ɗaya, dukansu za su bi na baya. Duk wanda ya taɓa bin garmar shanu a gonakin Roni ko Gwiwa ya san wannan. In aka ɗaura bijimi mai zafin nama da mai sanyi a karkiya ɗaya, tafiyar mai sanyin za a yi.

Akwai wani tsari da Intel ta fito da shi mai suna XMP, wanda ke ba RAM damar wuce gudun da aka saba. Yawancin RAM masu tsada da shi suke taƙama. Sai dai a cikin BIOS ake kunna shi, wato shafin saitin da ke fitowa kafin Windows ta tashi. A manyan kwamfutocin tebur da mutum ke haɗawa da kansa, ana samun wurin kunnawa. A laftof da yawa babu shi sam. Mun shiga na Yaya mun duba layi-layi, ba mu gan shi ba.

Ƙaramar lambar da ba a kula da ita

A jikin kwali akwai wata lamba bayan haruffan CL, kamar CL19 ko CL22. Ita tana faɗin bugun agogo nawa RAM ke jira kafin ya fara amsawa in an tambaye shi abu. A nan ƙaramar lamba ce ta fi kyau. Ana mayar da ita lokaci ta haka: a ninka CL da 2000, a raba da lambar gudu. Amsar tana fitowa a nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan.

Mai 2666 da CL19: 19 sau 2000 raba 2666, ya ba da 14.25.
Mai 3200 da CL22: 22 sau 2000 raba 3200, ya ba da 13.75.
Mai 3200 da CL20, irin na 'yan gem: 12.5.

Tsakanin na farko da na biyu rabin nanosakan ne. Gem mai nuna hoto 60 a sakan yana da wajen nanosakan miliyan 16 da dubu 700 don zana kowane hoto. Gaskiya ne ana tambayar RAM sau miliyoyi a wannan ɗan lokacin, don haka ƙananan jira suna taruwa. Amma sau da yawa ba RAM ake jira ba, katin hoto ake jira.

Mu koma wurin mai shayi. A gefensa akwai mai suyar indomi, da nasa teburin da nasa risho. Shi ne katin hoto. GTX 1650 yana da gigabayit 4 nasa na kansa, a nan yake ajiye ciyawar fili da rigunan 'yan wasa da fuskokinsu. In layi ya taru a wurin mai suya, ko yaran mai shayi sun yi fiffike ba za a sallami mutane da wuri ba. Don haka ƙarin gudu na kashi 20 a RAM ba ya zama ƙarin kashi 20 a gem. Haka ma buɗe hanya ta biyu ba ya ninka gem biyu, kar wani ya je ya ce ni na faɗa. Allon laftof ɗin Yaya ma hoto 60 kawai yake iya nunawa a sakan. Abin da ya haura haka ido ba zai gan shi a wannan allon ba.

Kar kuma a ce na ce gudu ba shi da amfani. Akwai laftof da ba su da katin hoto daban, aikin hoton a cikin furosesa yake, kamar masu Intel UHD ko Iris Xe ko Radeon Vega. A irin waɗannan mai suya ba shi da teburi, na mai shayi yake ci. A nan gudun RAM da cika gurbi biyu suna nunawa sosai a gem. Mai irin wannan laftof, in furosesarsa ta yarda da 3200, bai kamata ya saka mata 2400 ba. Kuma in ka je saye ka tarar kuɗin mai 3200 na gama-gari daidai yake da na 2666, ɗauki mai 3200 ɗin, ba ka yi asara ba. Abin da nake ja da shi shi ne a biya ƙarin kuɗi don gudun da injin ba zai karɓa ba.

Zuwanmu Kano

Na kai wa Yaya takardar lissafina. Ya duba ya ce, "Kai yaro, ɗan aji biyu ne zai koya min kwamfuta?" Na ce, "Yaya, ba ni na faɗa ba, ga shafin masu furosesar nan ka karanta." Ya karanta ya yi shiru. Umma da ke jin mu daga tsakar gida ta ce ita ba ta san RAM ba, amma ta san tunkiya mai ciki ba a kai ta kasuwa don wasan yara.

Ranar Asabar muka hau mota, muka bi ta Dambatta muka shiga Kano, muka nufi kasuwar waya ta Farm Centre. Mai shagon da muka je wurinsa ya fito mana da iri biyu. Ga na 'yan gem a kwali, guda biyu sababbi. Ga kuma guda ɗaya kore, tsirara, wanda aka ciro daga wata laftof. Tsawonsa bai fi ɗan yatsana na tsakiya da kaɗan ba. Kuɗin na kwalin ya ninka na koren fiye da sau biyu, kuma da mun saye su da sai namu na asali ya koma aljihu ya zauna.

Yaya ya ce, "Maigida, tsakani da Allah, in na sa waɗannan a i5-9300H, nawa za su yi gudu?"

Ya yi dariya ya ce, "2666. Wa ya faɗa maka?"

Yaya ya nuna ni da baki.

A nan na koyi karanta 'yar takardar da ke manne a jikin RAM. In ka ga PC4, DDR4 ne. PC4-2400T mai 2400 ne, PC4-2666V mai 2666, PC4-3200AA mai 3200. In ka ga PC3 ko PC3L, tsohon nau'i ne, wato DDR3. Wannan ya fi gudu muhimmanci, domin nau'i ba ya shiga gurbin wani nau'i. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ƙungiyar JEDEC mai tsara ƙa'idar waɗannan kaya ta fitar da ƙa'idarsa a 2020. Na laftof mai DDR3 yana da haƙora 204, mai DDR4 260, mai DDR5 262, kuma 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya danna da ƙarfi zai karya gurbin ne kawai. Wasu siraran laftof kuma an like musu RAM a jikin allon injin kamar na waya, ba a cirewa ba a ƙarawa. Mai niyyar sayen laftof ya tambayi wannan tun kafin ya biya.

Na kuma lura da sunan da ke kan ƙananan baƙaƙen guntayen da ke jikin koren: SK hynix. Ashe yawancin guntayen RAM na duniya kamfani uku ne ke yin su, Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Kamfanoni irin su Kingston da Corsair saye suke yi daga masu ƙerawa, su zaɓi waɗanda suka fi jure gudu, su haɗa, su sa sunansu. Zaɓen nan aiki ne na gaske, kuma shi ake biya. Amma mu da injinmu ba zai wuce 2666 ba, zaɓaɓɓe da gama-gari duk ɗaya ne a wurinmu.

Muka sayi koren, gigabayit 8, PC4-2666V, daidai da na ciki. Mai gyara ya kashe laftof, ya zare caja, ya buɗe bayanta, ya cire wayar batir. Ya taɓa ƙarfen teburinsa kafin ya ɗauki RAM ɗin. Na tambaye shi dalili, ya ce irin tartsatsin nan da rigar sanyi ke yi lokacin hunturu yana iya kashe guntu. Ya zura shi a karkace, ya danna ƙasa, maƙallan gefe suka ce ƙas. Yaya bai biya ba sai da aka kunna muka buɗe Task Manager a gaban mai shago: gigabayit 16, gudu 2667, gurbi 2 cikin 2.

Tun da an riga an buɗe, mai gyara ya nuna mana fankar ciki. Ƙura ta toshe ta kamar an liƙa auduga. Ya ce wannan ma yana rage gudu, kuma gaskiyarsa ne. Iyakar zafin wannan furosesa digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyos, in ta kusa kaiwa sai ta rage aiki da kanta don kada ta lalace. Ku tuna ƙurar hunturunmu, ku tuna zafin watan Afrilu a zaure mai rufin kwano. Aka share fankar, aka canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi. Kuɗin wannan aikin bai kai na motarmu zuwa da dawowa ba.

Yau sati uku ke nan. Tsayawar nan ta cak ta tafi. In na leƙa ana cikin wasa nakan ga wajen gigabayit 10 a cike, da sauran fili. Ba zan ce laftof ta zama sabuwa ba. Katin hotonta bai kai GTX 1660 da masu gem ɗin suka ba da shawara ba, don haka Yaya ya rage kyan hoto zuwa matsakaici. In aka ɗauke wuta ta koma kan batir kuma takan yi sanyi, domin irin waɗannan laftof suna rage ƙarfi in ba caja a jiki, kuma wannan babu RAM ɗin da zai gyara shi. Samarin sun dawo, har da wanda ya ƙi biya. Tunkiya tana nan a turke, Kaka ta ce haihuwa yau ko gobe.

Aikin gida

Sababbin laftof na gem suna zuwa da DDR5. A ɗauki DDR5 mai 5600 da CL46, a kwatanta da DDR4 mai 3200 da CL22. Na ɗaya, megabayit nawa kowanne ke miƙawa a sakan? Na biyu, nanosakan nawa kowanne ke jira kafin ya amsa? Na uku, wanne ya ci a tambayar farko, wanne ya ci a ta biyu? Na huɗu, ko mai 5600 ɗin zai shiga laftof ɗin Yayana?

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Malam ya hana amfani da kalkuleta.